Kunnen memorin da Sada ya karya

Har yau ban manta da safiyar Talatar da memorin kyamarar ofishinmu ya ƙi karɓar komai ba. A shekarun ƙarshe na aikina ne, ana gab da yankan gero. Na ga ya kamata in rubuta muku labarin, ku da kuka zo bayanmu, domin har yanzu ina jin ana ba da shi a karkace, wai bairos ne ya shiga.

Ofishin namu ƙarami ne, a Kankiya, aikinsa wayar da kan manoma da makiyaya a ƙauyukan Kankiya da Kusada. Shugaban sashe shi ne Malam Kabir, matashi mai digiri, wanda ba ya son aiki ya kwana. Ni ne mataimakinsa, ko da yake a haife na haife shi. Na dawo gida ne bayan shekaru ina aikin na'urorin ɗaukar magana a Maraɗi da Garwa da Kumasi, shi ya sa yake ce mini Baba Alhaji. Na ukunmu Sada, mutumin Kafinsoli, mai ɗaukar hoto da murya. Ya shiga aiki tun ana rataya rikoda mai batir a kafaɗa. Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa.

Ga wanda bai yi aikin ofis ba, takardar tuhuma ita ce wadda shugaba ke rubuta wa ma'aikaci yana neman ya kare kansa a rubuce kan wani laifi. Ko ya kare kansa, ko bai kare ba, kwafinta yana shiga fayil ya zauna. Sada yakan ce ba shi da gona babba, ba shi da mota, fayil ɗin nan ne abin da zai nuna wa 'ya'yansa.

Kyamara ɗaya gare mu, memori ɗaya, ɗan kati da bai fi kan sarkin wasiƙa girma ba. Ƙa'idarmu ita ce duk lokacin da aka dawo daga ƙauye, a zuba abin da aka ɗauka cikin kwamfuta, sannan a wanke memorin, wato a goge shi tas don aiki na gaba.

Mako biyu kafin wannan rana mun je Sukuntuni kan maganar burtali. Gonaki sun ci hanyar shanu, kuma kowa yana da tasa iyakar a baki. Sai aka fito da Malam Tanko, wanda ya fi kowa tsufa a wajen, ya taka burtalin da sandarsa tare da Arɗo. Yana nuna tsamiya, yana nuna marke, yana faɗin wanda ya shuka gamba a ina, Arɗo yana amsawa, ni ina fassara inda Fulatanci ya shigo. Sada ya ɗauke su tun daga farko har ƙarshe. Bayan kwana shida Allah Ya yi wa Malam Tanko rasuwa.

Ranar Talatar muna da taro a Dudunni bayan azahar. Da safe Malam Kabir ya kunna kyamara don gwaji, sai ta ce katin a kulle yake. Ya cire shi ya sa a kwamfuta. Hotuna suna buɗewa, murya tana fita, amma gogewa ta ƙi, ƙara wani abu ya ƙi. Ya ba da umarnin a wanke shi gaba ɗaya, kwamfuta ta amsa da Turancinta cewa katin nan na karantawa ne kawai, an hana rubutu a kansa. Ya sake, ta sake. Ya bincika bairos, babu.

Sai ya kira Sada.

"Malam Sada, wa ya riƙe memorin nan tun da muka dawo daga Sukuntuni?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka kai shi wajen masu cajin waya su zuba maka wa'azi?"

"Wallahi ban kai shi ko'ina ba."

"To ya lalace a hannunka. Kayan aiki ne, kuma sai na yi bayani a sama. Dole in rubuta."

Sada ya cire hularsa ya duba cikinta kamar amsar tana can, ya mayar. Malam Kabir ya jawo takarda ya fara rubutu. Ba mugu ba ne, amma yana ganin taro zai wuce babu hoto, kuma shi za a tambaya.

Na ce ya ba ni katin da rabin awa. Abin da na sani shi ne, idan memori ya koma na karantawa kawai, wuri uku ake dubawa, kuma daga mai sauƙi ake farawa. Na farko, ɗan makullin da ke gefen katin, wanda ake turawa sama ko ƙasa. Na biyu, kwamfutar kanta, domin wani lokaci saitinta ne ya hana, ko ramin da ake sa katin ya yi datti. Na uku, katin ya tsufa ya kulle kansa, wannan kuwa ba shi da magani sai a kwashe abin da ke ciki a nemi wani. Malam Kabir ya tsallake na farko domin ya shafa gefen katin bai ji komai ba.

Na sa tabarau na kai katin bakin taga. Makullin babu shi. Gurbinsa ne kawai, wayam, kuma ba faɗuwa ya yi ba, an ɓalle shi ne da tsini, a tsanake, ba a ko karce jikin katin ba. Na taɓa ganin irin wannan aiki sau ɗaruruwa, amma a jikin kaset.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Kowane kaset yana da kunne biyu a samansa. Idan ka karya su, rikoda ba za ta ƙara yarda a ɗauki magana a kansa ba. Na ga yadda wurare dabam-dabam suke tsare kaset mai muhimmanci. A Maraɗi shugabanmu lamba yake ba shi, ya shigar a rajista, ya kulle a kabad. A Kumasi kwafi uku suke yi su raba wa mutum uku. Mu a nan ba mu cika yarda da kabad ba, domin makulli yana yawo hannu-hannu. Kunne muke karyawa.

Na sami Sada a bayan ofis, a zaune kan benci ƙarƙashin dalbejiya.

Na ce, "Sada, da me ka ɓalle shi? Da allura ko da abin yankan farce?"

Ya ɗago kai ya dube ni. "Da basilla," in ji shi. "Kai dai ɗan Maraɗi, idonka bai tsufa ba."

"Idona ya tsufa, na dai san hannunka. Me ya sa?"

"Ran da muka dawo daga gaisuwar Malam Tanko. Na zamna na saurare shi, yana cewa daga tsamiyar nan zuwa waccan. Na ce muryar mamaci ce, wa zai sake faɗin wanga magana? Kuma ka san Yallaɓai da saurin hannu. Na tura makullin, na ga ko farce zai iya maido shi. Sai na yi mashi yadda muka saba."

"Ka manta memori ɗaya gare mu? Da kaset ne da kwali guda yana sito."

"Sai da safen nan na tuna."

"To me ya hana ka faɗa?"

"An tambaye ni masu caji, na ce a'a. Kafin in tattara bakina an ce za a rubuta. Mi zan ce? In ce na karya kayan aiki da hannuna, da gangan?"

Na ce masa haka ɗin zai ce, kuma shi zai faɗa, ba ni ba. Ya ce in shiga gaba, ya biyo ni yana jan takalmi.

Sada ya faɗa wa Malam Kabir a tsaye, bai rage komai ba. Malam Kabir ya ajiye biro ya ce, "Amma ai an zuba na Sukuntuni a kwamfuta tun ranar." Ya dube ni. Na ce ni ban zuba ba, na ɗauka shi ya zuba. Ranar da muka dawo an ɗauke wuta, washegari kowa ya shiga wani aikin. Ya juya ya bincika kwamfutar, ya sake bincikawa. Babu. Maganar Malam Tanko a wuri ɗaya take a duniya, cikin katin da aka yi ta ƙoƙarin wankewa tun ƙarfe takwas.

Malam Kabir ya janye hannunsa daga kwamfutar. Can ya ce, "Sau nawa na danna, Baba Alhaji?"

"Uku na gani."

Gyaran bai ɗauke mu minti ashirin ba. Da farko muka kwafe komai cikin kwamfuta, muka sake kwafewa a filash, domin katin da aka hana wa rubutu bai hana a kwashi abin da ke cikinsa ba. Sannan na yanko ɗan salatif, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa biyu, zan rufe gurbin makullin. Na'ura tana lalubar gurbin ne kawai, idan ta ji shi a cike sai ta ɗauka a buɗe yake. Haka muke yi wa kaset idan muna son maido shi aiki.

Sada ya riƙe mini hannu. Ya ce sai an cire katin an ajiye a kan tebur, a kunna na cikin kwamfuta ya ji da kunnensa. Aka kunna. Ya ce a tura ƙarshe, inda Arɗo ya ce ya yarda. Aka tura. Ya ce a yi haka da na filash.

"Malam Sada, lokaci," in ji Malam Kabir.

"Ranka ya daɗe, minti biyu ne."

Aka yi masa. Sannan ya sake ni. Na manna salatif ɗin, na danne shi sosai don kada ya maƙale a cikin rami, muka sa katin, muka wanke shi, ya karɓa. Sada ya ɗauki hoton ƙofar ofis don gwaji, ya fito.

Takardar tuhumar tana kan tebur, an rubuta rabi. Malam Kabir ya ɗauke ta ya karanta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya ce, "Laifi dai ka yi, Malam Sada. Amma idan na rubuta maka, sai in rubuta wa kaina da Baba Alhaji, kuma tamu ta fi taka tsawo. Gaba ka faɗa mini kafin ka ɗauko basilla." Sada ya ce in sha Allahu. A mota, kan hanyar Dudunni, Malam Kabir ya yi ta tambayarsa yadda ake haɗa zaren kaset idan ya tsinke, Sada yana kwatanta masa da yatsu.

Daga ranar aka kafa doka cewa wanda ya zuba aiki a kwamfuta sai ya kunna wa wani ya gani kafin a wanke memori. An kuma nemo mana na biyu. Sada ya yi ritaya da fayil ɗinsa yadda yake so.

Abin da na koya a ranar bai wuce biyu ba. Idan kati ya ƙi a goge shi, kada ka fara da tilasta masa, kwashe abin da ke ciki tukuna, sannan ka duba gefensa. Idan kuma kaya ya lalace a hannun tsohon ma'aikaci, ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da ya yi da dalilinsa, ba tare da biro a hannunka ba. Sau da yawa tsohuwar ƙa'idar aiki yake bi, wadda na'urar ta canza ba a gaya masa ba, kuma wata rana ita ce kaɗai ta rage tana aiki a ofishin.