Gaiwar Datti Mai Gilashi

Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana jingine da na Datti mai gilashi a bakin titin Makarfi. Tagogi yake yi da akwatunan gilashi na masu sayar da waya da turare. Mutum ne da sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya. Da farko na ɗauka girman kai ne, daga baya na gane haka Allah ya yi shi.

Wata damina wani manomi daga Gubuchi ya kawo masa ɗan kifi a cikin gora, bai fi tsawon yatsa ba, ya ce ɗan tarwaɗa ne ya tsinta a fadama. Datti ya haɗa akwati da ragowar gilashi, ya zuba shi tare da ƙananan karfasa guda shida. Kafin wata biyu karfasa sun koma biyu. Kyanwata aka fara zargi, har muka yi kwana uku gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau" ba.

Baba Bobbo, tsohon masunci da ya zo gyaran taga, shi ya wanke kyanwar. Ya duƙa ya ƙura wa kifin ido.

"Wa ya ce maka tarwaɗa ce? Ina gashin bakin? Dubi hannayenta kamar zare, dubi wutsiyar yadda ta tsuke. Gaiwa ce, ɗana. Duk abin da ya shiga bakinta ya shiga ke nan."

Ni na ce a soya ta a huta. Datti kuwa sai ya auno gilashi mai kauri ya yi mata sabon ɗaki ita kaɗai. Sau uku yana sake mata akwati a shekara tara, har ta kai tsawon hannun babban mutum. Yana tono mata tana, yana kawo mata kwaɗi da dodon koɗi. Duk Juma'a da safe yakan kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya zuba na rijiya. Ya ɗora murfin gilashi da bulo a kai, don ta taɓa tsallakowa ƙasa. Ta taɓa cizonsa a babban yatsa har farcen ya fita, amma ko zaginta bai yi ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aure a Kudan da Ikara, saboda haka yawancin hirarsa da wannan kifin yake yi. Jifa-jifa sai ta taso sama ta buɗe baki, shi kuma ya ce, "Hajiya ta fito shan iska." Mu yi dariya.

A bazarar bara aka sa masa ranar aikin yanar ido a Zariya. Ya miƙo mini makulli.

"Malam Tanko, kwana uku ne. Ka ba ta tana guda biyar kullum. Ka dai bar ta ta sha iska."

"Haba Malam Datti, har fanka zan kunna mata," na ce.

A wurina shan iska hutawa ce. Abin da na ji shi ne kada in dame ta. A rana ta biyu zafi ya yi zafi, na duba akwatin na ga ruwa bai kai baki ba, saura wajen yatsu huɗu. Raina ya ɓaci. Ni a gidanmu ba a miƙa wa baƙo rabin kofi. Na ce wannan rowa ta Datti har da ruwan rijiya? Na ɗebo bokiti biyu na cika shi fal har ruwa ya taɓa murfi, na mayar da bulo, na koma kan kekena ina jin na yi abin kirki.

Washegari da safe na same ta kwance a ƙasan akwatin, cikinta a sama.

Baba Bobbo ne ya yi mini bayani. Gaiwa da huhu take numfashi kamar ni da shi. Shi ya sa take iya kwantawa a cikin busasshen taɓo har rani ya wuce. Wannan gibin na yatsu huɗu shi ne iskarta. Kifin da rashin ruwa ba ya kashewa, ni na nutsar da shi a ruwa.

Datti ya dawo da bandeji a ido ɗaya. Ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa komai a tsaye a bakin ƙofa, kunya kamar ta kashe ni. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana shafa gefen akwatin.

"Ta daɗe tana neman sama?"

"Ban sani ba. Ina ɗinki."

Ya gyaɗa kai. "Ka yi ne don alheri. Allah ya ba ka ladan niyya."

Har yau muna gaisawa, ya tambayi iyali, in tambayi ido. Idon ya warke sarai, yana ganin alƙalamin yankan gilashi ba tare da tabarau ba. Sai dai yanzu da an yi la'asar yake rufe shago, domin ba shi da wanda zai zauna dominsa.