Yadda Na Kori Inna Rabi Kan Kanwa

Ko a gigin tsufa ba na jin zan manta da Talatar da na kori Inna Rabi daga gwajin ɗaukar aiki. E, wannan Inna Rabin dai da kuke gani tana zagaya sashen haɗi da farar riga, kowa na rusuna mata. Ni na kore ta, da bakina, a gaban mutane. Ku sababbin ɗauka ku matso kusa, tunda gobe a hannunta za ku fara. Gara ku ji labarin daga wurina kafin Sale direbanmu ya ƙara masa gishiri.

Shekara huɗu ke nan, bayan an gama roron wake. Lokacin kamfanin nan bai kai haka ba. Injin niƙa biyu ne, da injin haɗi ɗaya, da na liƙe leda. Muna yin garin tuwo da garin kunun gyaɗa, amma garin ɗanwake shi ya fitar da sunanmu daga Kaura har Shinkafi da Zurmi. Dalili kuwa a fili yake. Mace ta dawo daga aiki a gajiye, ba sai ta surfa wake ta aika niƙa ba. Ta farke leda, ta kwaɓa da ruwa, ta jefa a tukunya, kafin yara su gama rigimar wa zai ɗauko tabarma abinci ya sauka.

Ga yadda muƙamai suke. Akwai Alhaji mai kamfani, wanda sai ranar Juma'a muke ganinsa. Ƙarƙashinsa akwai manaja, sannan shugabannin sashe uku: niƙa, haɗi, da ɗauri. Ni ne shugaban sashen haɗi. Ƙarƙashina kuma akwai mai haɗi, wato wanda ke auna garin wake, garin rogo, kuka da niƙaƙƙiyar kanwa a sikeli, ya zuba a inji ya juya. In ya yi daidai, kowa ya ci abinci. In ya yi kuskure, babu mai gani sai kaya sun shiga gidajen mutane, domin gari a leda duk kamarsa ɗaya.

Akwai wata takarda da na rubuta da hannuna na manna a bango, mai ɗauke da awon kowane abu. Wata uku na yi ina gwaji kafin in tsayar da ita, ga kuma difloma ta kan sarrafa abinci. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da takardar nan fiye da yadda nake ji da babur ɗina.

To, mai haɗinmu ya samu aiki a Gusau ya tafi. Manaja ya sa aka manna sanarwa a ƙofar kamfani da tashar mota cewa ana neman mai haɗi ɗaya da masu ɗauri biyu. Na mai haɗi aka bar mini. Mutum tara suka zo. Na jera su a rumfar baya, kowa da roba da sikeli da kwafin takardata, na ce kowa ya haɗa kilo biyu. Na kafa doka ɗaya: wanda ya saɓa wa takarda ko da cokali guda, ya kama hanya.

Takwas maza ne, duk da fayil a hammata. Ta taran ita ce Inna Rabi, a lokacin za ta yi shekara arba'in da wani abu, ta zo da katin makarantar yaƙi da jahilci a cikin leda. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga wajen Zurmi suka taso, gona ta gagari maigidanta zuwa, yanzu suna zaune a ɗaki guda bayan tashar jirgi da yara biyar. Ta ce shekara goma sha biyar tana sayar da ɗanwake da safe a ƙauyensu. Na ce mata nan ba wurin talla ba ne, kamfani ne. Ta ce ta ji.

Aka fara. Ina zagayawa hannu a baya kamar hedimasta. Da na zo kanta ta auna wake daidai, rogo daidai, kuka daidai. Sai na ga ta tsaya a kan kanwa. Ta dangwali kaɗan ta ɗora a harshe, ta yamutsa fuska, ta sake dangwala. Daga nan ta auna abin da takarda ta ce, ta raba shi biyu a gabana, ta mayar da rabi cikin buhu.

Na ce, "Baiwar Allah, me kika yi yanzu?"

Ta ce, "Malam, wagga kanwa ta cika kaifi. In anka zuba ta duka, ɗanwaken ba ya ciwuwa."

Na ce, "Kin karanta takardar ko ba ki karanta ba?"

"Na karanta."

"To wa ya ce ki rage?"

Ta ce, "Ba kowa. Ni dai ban iya haɗa ma ɗiyan mutane abin da ban ba nawa."

Kai! Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Mazan nan takwas duk sun ɗago kai suna kallonmu, wani har yana ƙunshe dariya. Na ce mata wata uku na yi a kan awon nan, ba a bakin murhu na tsinto shi ba. Na ce dokar da na kafa ba ta da ƙanwa ba ta da yaya, ta ajiye robar ta tafi.

Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma roƙe ni ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta juya garinta da hannu har ya haɗu, ta ƙulle a leda, ta ajiye a kan teburina. Ta ce, "Ka kai gida a dafa, Malam. Allah shi ba mu alheri." Ta gyara mayafi ta fita. Na bi ta da kallo har ƙofa, na ga ba ta tsayar da keke napep ba, da ƙafa ta miƙe hanya.

Na zaɓi wani mai suna Nura, wanda ya bi takarda sak. Kafin azahar na rubuta sunansa na kai wa manaja, ya sa hannu. Aka tsayar ranar Alhamis za a haɗa babban kaya, buhu arba'in, na 'yan kasuwar Shinkafi.

Da zan tashi sai idona ya faɗa kan ledarta. Na ɗauka, na ɗauki ta Nura ma. Kada ku ce tausayi ne, wallahi ba shi ba ne. So nake in tabbatar wa kaina na yi daidai, in ci ɗanwakena in yi barci da daɗi.

Na isa gida bayan la'asar, na miƙa wa Hadiza matata ledoji biyu, na ce ta dafa kowanne daban, ban gaya mata na wane ne ba. Ta ce, "Yau kuma gwajin kamfani a tukunyata za a yi? To a biya ni kuɗin itace." Ta ɗora ruwa ya tafasa, ta kwaɓa, ta dinga jefawa. Suka nutse, suka taso sama, ta tsame a ruwan sanyi. Ta soya man gyaɗa da albasa, ta yanka tumatir, ta kawo yaji. Tun kafin ta sauke na biyun na ji wani wari ya bugi hancina daga madafa, amma na yi kamar ban ji ba.

Ta ajiye kwano biyu a tsakar gida. Na farko ɗanwake ne sumul, mai santsi, yara huɗu suka rufar masa, kafin in wanke hannu sun kusa ganin ƙasan kwano. Na biyun ya yi duhu. Hafsa, autarmu, ta kai loma ɗaya, ta furzar a ƙasa, ta ce, "Baba, sabulu!" Na daka mata tsawa, na ɗebo da kaina na kai baki. Jama'a, bauri har cikin kunne. Na haɗiye ne kawai don kada yara su raina ni.

Hadiza ta ɗanɗana ta ce, "Baban Hafsa, wa ya haɗa wannan? Ko wane ne, bai taɓa tsayawa gaban tukunya ba. Kanwa ce ya danƙara kamar zai ba shanu."

Na ɗauki kofin ruwa na kurɓa. Ta sake tambaya. Na ce, "Awona ne."

Matar nan ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta huce ta ce ai kanwa iri-iri ce, akwai mai sanyi, akwai mai kaifi irin ungurnu, kuma ko yarinyar da ta fara girki jiya ta san sai an ɗanɗana ake zubawa. Na ce ba a koya mana haka ba. Ta ce, "To yau an koya maka."

Ranar Laraba tun bakwai ina ƙofar sito. Na tambayi mai sito wace kanwa ya ba ni jiya. Ya ce ta da ta ƙare tun makon jiya, wannan sabon buhu ne da aka sayo wurin masu kawowa ta Jangeru, kuma da aka niƙa ta bai ga bambanci ba. Ni ma ban gani ba. Takardata daidai take da tsohuwar kanwa, ita kaɗai na taɓa gwadawa. Saura kwana ɗaya mu zuba wannan a buhu arba'in.

Dama na sa Hadiza ta sake dafa ragowar garin da sassafe, na zo da su a kula biyu. Na shiga ofishin manaja na ajiye a kan teburinsa. Ya ce, "Malam Garba, biki ake?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ci wannan, sannan ka ci wannan." Ya ci na farko ya gyaɗa kai. Ya ci na biyu ya nemi kwandon shara. Na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Amma jiya kai ka kawo mini sunan Nura, na sa hannu. Matar nan ma an ce korar ta ka yi."

Na ce, "Ni na kore ta, ni kuma zan je in nemo ta. Nura bai yi laifi ba, abin da na rubuta ya bi, a ba shi gurbi a ɗauri. Amma sikelin nan nata ne. In ka ga a rubuta wa wani takardar gargaɗi, sunana za a sa."

Ya ce in ban kawo ta kafin azahar ba, sunan da ya sa wa hannu shi ne zai zauna.

Ba ta da waya, a fom ɗinta "bayan tasha" kawai ta rubuta. Na hau babur na yi ta shiga lungu ina sallama a ƙofar gidajen mutane. A gida na huɗu wata tsohuwa ta ce Rabi ta Zurmi ta tafi kasuwar hatsi neman aikin bakace. Can na same ta, durƙushe da faifai, ƙaiƙayi ya rufe mata gira. Na kashe babur na gaishe ta kamar yadda ake gaida manya.

Ta ɗago ta ce, "An dafa?"

Na ce, "An dafa, Inna. Naki yara suka cinye. Nawa ko akuya ban ba ba."

Ba ta yi mini dariya ba, ko da yake na cancanta. Na ce ta yafe mini, aiki nata ne in tana so. Ta ajiye faifan, ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce jiya ba ta iya gaya wa maigidanta yadda aka yi ba, ta ce masa ne kawai sai an neme ta. Sannan ta ce tana da sharaɗi ɗaya: duk sabon buhun kanwa da ya shigo, sai an ɗora tukunya an dafa an ci kafin a kunna inji. Na ce na yarda. Muka iso kamfani ana kiran sallar azahar, ita a keke napep, ni a gaba da babur kamar ɗan rakiyar gwamna.

Wannan shi ne asalin ƙaramin murhun da kuke gani a bayan sashen haɗi. Buhu arba'in ɗin nan ita ta haɗa su da rabin awo, suka tafi Shinkafi, ko leda ɗaya ba ta dawo ba. Da aka ƙara mini girma bara, ni na ce ita za ta gaje ni, kuma babu wanda ya yi musu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sikeli ba ya ƙarya, amma nauyi kawai ya sani, bai san ɗanɗano ba. Kayan da muke ɗaurewa a nan ba a sito suke ƙarewa ba, a kwanon yaran wani suke ƙarewa, yaran da uwarsu ta yarda da mu ba ta ko ɗanɗana ba. Ku bi takarda, ban ce ku ƙi bi ba. Amma in harshenku ya gaya muku wani abu, ku buɗe baki ku faɗa, ko da shugaban sashe zai yi muku irin tsawar da na yi.

Takardata tana nan a bango, ban cire ba. Gobe in kun shiga ku duba layin kanwa. Za ku ga na soke awon da jan biro, na rubuta a gefe da hannuna: a tambayi Inna Rabi.