Inabin Maƙwabciyata 'Yar Soave

Shekarar da muka koma garin Manassas, can ƙasar waje, maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Italiya, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gida. A jikin shingen da ya raba mu akwai kurangar inabi da take lallaɓawa kamar jinjiri.

Ran da muka tare, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini kwalbar farar giya ta barka da zuwa. Na yi godiya, na ce mu Musulmi ne, ba ma sha. Kunya ta kama ta har fuskarta ta yi ja. Don in rage mata nauyi, sai na nuna rubutun jikin kwalbar na ce, "Mama, wannan Soave ɗin sunan mai kamfanin ne?"

Ta yi dariya. "Garinmu ne. Can aka haife ni."

Ashe na taɓo inda take so. Muna tsaye a bakin ƙofa ta ba ni labari: ƙaramin gari ne mai ganuwa kusa da birnin Verona, gonakin inabi a kan tuddai, ƙasar baƙa saboda tsohon dutse mai aman wuta. Ta ce doka ta hana a sa wa giya sunan garin sai wadda aka yi da inabin da aka noma a yankin. Abin ya ɗaure mini kai.

"To, idan na kai irin inabin naku gonar babana a Kura na shuka fa?"

"Inabi za ka samu, ɗana, amma ba namu ba."

A raina na ce son gida ne kawai. Da kaka ta yi, ta kira ni bakin shinge ta tsinko mini nata inabin. Irin garinsu ne, ta ce, a nan ta sayi dashen. Na tauna, na ji salam, sai ɗan tsami.

"Ka ji? Ƙasar nan yumɓu ce, ga gumi. Shekara da shekaru ina fama da ita."

Sai na tuna mahaifiyata, wadda da ƙamshi take gane albasar Aliero a kasuwa. Na faɗa wa maƙwabciyar, ta sa na rubuta mata sunan garin a takarda.

Da ta je Soave hutu, ta dawo mana da zabibin da ƙaninta ya shanya a rumfarsa. Zaƙi kamar zuma, daga ƙarshe ɗan ɗaci mai daɗi ya biyo baya. Na ci uku ina lumshe ido. Kafin in dawo daga aiki washegari, matata da 'yar'uwarta sun cinye sauran.