Fotokwafin Takardar Rangwame: Daga Mu'aither Zuwa Ɗakin Bayan Kanti

Mu'aither

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota. A lokacin ban daɗe da zuwa Doha ba, ina tuƙi a unguwar Mu'aither, a gidan wani dattijo da ake kira Abu Nasir, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da izinin zamana a ƙasar. Ranar zai tashi zuwa Umara, ni zan kai shi filin jirgi. Daga can kuma in wuce babban kanti in yi wa uwargidansa cefane. Duk ma'aikatan gidan, Mama muke ce mata.

Tun kafin mu fito ta aiko mini da takardu uku. 'Yarta ce ta buga su daga kwamfuta: takardun rangwame ne na kantin, ɗaya ta shinkafa, ɗaya ta man girki, ɗaya ta madarar gari. Kowace da zanen layi-layi baƙi wanda na'ura ke karantawa. Mama tana da arzikin da za ta sayi kantin da masu gadinsa, amma rangwame ba ya wuce ta.

Muna hango filin jirgi Abu Nasir ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Sabi'u, direban da ka gada, sau ɗaya 'yan sanda suka kira ni a kansa. Sau ɗaya. Washegari yana jirgi." Ya ɗauki carbinsa ya fita. Mahaifina gona ya sayar na zo ƙasar nan, saboda haka maganar ta zauna mini a ƙirji har na bar wurin.

Mushairib

Kanti bai buɗe ba tukuna, sai na biya ta Mushairib. Lokacin ba a rushe tsohuwar unguwar ba, lunguna ne da ƙananan shaguna. Na sha shayin karak mai madara da faratha, wata irin gurasa, a wurin wani Ba'indiye, kuɗin bai kai na shiga motar haya ba.

A nan wayona ya motsa. Kafin in zo Doha na yi shekaru ina tuƙi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu a Azare, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati a gida ya san doka: ba a miƙa asalin takarda. Ka yi mata fotokwafi, ka miƙa ɗaya, ka ajiye ɗaya ko ta farko za ta ɓace, asalin kuma ka kai a manne shi da roba. Haka na yi wa takardar haihuwata, haka na yi wa shaidar firamare. Don haka na shiga shagon fotokwafi, aka yi wa kowace takarda biyu-biyu, aka yi wa asalin laminetin. Na fito ina jin daɗin kaina, ina cewa yau Mama za ta san ta samu direba mai tsari.

A shataletalen gaba na tarar da motar 'yan sanda a gefe. Gabana ya faɗi, na taɓa aljihu na ji bataka tana nan, wato katin zama. Ko kallona ba su yi ba.

Kanti

Rana ta fara dukan kai lokacin da na ajiye mota. Na loda shinkafa da mai da madara, na bi layi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi, 'yar Filifin, ta ɗora na'ura a kan fotokwafin farko, na'ura ta yi shiru. Ta sake, shiru. Sai na ce kada ta damu, na zaro na biyun na miƙa mata. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dube ni. Ganin haka na fito da asalin mai ƙyalli a roba, don hankalinta ya kwanta.

Ta danna wani maɓalli a ƙarƙashin teburinta. Mutanen da ke bayana suka ja da baya kaɗan. Na tsaya ina dube-dube, ban ma san laifina ba.

Ɗakin baya

Wani mai gadi ya riƙe mini gwiwar hannu, ya bi da ni ta bayan firjin kifi zuwa wani ƙaramin ɗaki marar taga. Manaja, wani Bamisire mai gilashi, ya karɓi batakata ya ajiye a ƙarƙashin tafin hannunsa. Ya jera takardun tara a tebur. Ya ce lamba ɗaya ce a kan kowace uku, kuma kowace lamba sau ɗaya ake cin ta. Ya ce akwai masu buga irin waɗannan suna sayar wa leburori, kuma umarnin da aka ba shi shi ne duk wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda.

Na yi bayani da Larabcin Islamiyya, na ƙara da Turanci, na haɗa da hannu. Ya ce, "Wa yake yi wa takardar shinkafa laminetin in ba ɗan kasuwa ba?" Ya tashi ya nufi ƙofa.

Da ya fita, mai gadin ya sunkuyo ya yi mini Hausa. Ashe ɗan Zongon Kumasi ne ta ƙasar Gana, sunansa Alhasan. Ya ce, "Ɗan'uwa, mene ka yi haka? Nan ba Nijeriya ba ne. Nan in ka kwafi takarda, khalas, shi ke nan, sun ce kai ɓarawo." Na ce, "Alhasan, don Allah ka taimake ni." Ya ce, "Ni ma kafil gare ni, ɗan'uwa. Ruwa kawai zan iya ba ka." Ya kawo mini ruwan.

Manaja ya dawo da sharaɗi. Takardun an yi rajistarsu da lambar wayar Mama. Zai tura wata lamba ta saƙon waya, in mai wayar ta kira ta karanta masa, ta kuma tsaya mini, zai sake ni. In aka yi la'asar ba ta kira ba, zai ɗaga wayar da ke gabansa ya kira 'yan sanda. Ya tura saƙon.

Na san Mama. Ba ta duba saƙo, ba ta ɗaga baƙuwar lamba, kuma bayan azahar barci take yi. Na kira da tawa wayar har sau uku, tana ta ƙara ba a ɗauka. Sanyin na'ura na kaɗawa a ɗakin amma rigata ta jiƙe. Na yi azahar a kan kwali a kusurwa, ban san abin da na karanta ba. Abin da nake gani kawai shi ne ni ina sauka daga mota a Azare da jaka ɗaya, mahaifina yana zaune a ƙofar gida yana kallona. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Dab da la'asar wayata ta yi ƙara. Mama ce. Manaja ya sa a buɗe murya, ya yi mata bayani, ta lalubo saƙon ta karanta lambar a hankali. Sannan ya ce, "Hajiya, takarda nawa kika ba shi?"

Uku ta ba ni, kuma in ta ce uku gaskiya ta faɗa.

Ta ce a ba ni wayar. "Sabi'u, ka sayar wa wani?" Na ce, "Wallahi Mama ban sayar ba. Haka muke yi a gida, don kada ta ɓace." Ina jin ƙarar fanka ta cikin wayar. Sai ta ce a mayar wa manaja. Ta ce masa, "Ni na sa shi ya yi. Tsohuwa ce ni, ban san doka ba. Ka sakar mini direba."

Manaja ya tura mini batakata da ɗan yatsa. Ya yayyaga fotokwafin, ya ce daga wata mai zuwa ma sun daina karɓar takarda, lamba za a riƙa turo wa mutum a waya ya nuna a wurin biya. Na biya kuɗin kayan, Alhasan ya raka ni har mota, ya ce, "Yalla, tafi, kar ka waiwaya."

Komawa Mu'aither

Na tuƙo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai har na shigo unguwa. Na iso ana kiran magariba. Na sauke kayan a ƙofar kicin, na tsaya kaina a ƙasa.

Mama ta yi magana daga bayan labule. Ta ce Abu Nasir ba zai ji wannan daga bakinta ba, ni ma kada ya ji daga nawa. Na fara godiya, ta katse ni. Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta mai baƙin ciki ce.

Ta ce, "Mijina yana Ɗakin Allah yau, ni kuma ka sa na yi ƙarya da furfurata. Ba godiya nake so ba. Je ka yi sallah, ka roƙa mini gafara."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni gida a mota ba a jirgi ba. Na yi shekara shida a gidan nan kafin in dawo Azare da ƙafata. Mama ta rasu tuni, kuma har yau ban idar da sallar magariba ba tare da na roƙa mata ba.