Kalmar da Ta Ceci Gyaɗata

Na yi shekara arba'in da wani abu a duniya ba wanda ya taɓa miƙo mini takarda ya ce in duba. In ta zo gidanmu, wuce ni take yi ta tafi hannun yayan mijina, don ya yi firamare a Roni. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba.

Sai da na aurar da 'yata ta uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu 'yar kudu ce, ta daɗe a Kazaure, Hausarta ta fi ta wasu. Ranar da ta rubuta imminent a allo, sai ta ɗauko kwanon sha cike da ruwa, ta tsaya a kaina ta karkata shi. Na zabura na kauce, aji ya kwashe da dariya. Ta ce to wannan ita ce ma'anarta. Turawa ma arowa suka yi daga Latin, wani tsohon harshe, inda take nufin abin da ya rato a kanka. Ba a faɗarta ga abin da zai zo baɗi, sai ga wanda ke dab da aukuwa, yawanci kuma abin tsoro.

Da kaka mukan shanya gyaɗa a kan falalen dutsen da ke bakin rafi, don ya fi ko'ina ɗaukar rana. Kowa da wurinsa, tun iyaye. A shekarar nan duk abin da na noma yana can a baje.

Ran nan da hantsi na ga takarda manne a bangon ɗakin shan magani, daga masu kula da madatsar ruwan da ke saman rafinmu. Yayan mijina ya riga ya karanta wa mutane, ya ce za a saki ruwa wani lokaci nan gaba, kamar yadda ake faɗa kowace shekara. Na bi layin da yatsa, sai ga kalmar kwanon nan, imminent.

Na ce, "Yaya, ba nan gaba ba ne. Yau ne ko gobe."

Ya ce, "Iye! Ɗaliba ta fi malam. Ke da kika fara riƙe fensir jiya?"

Na ce, "Jiyan ma ta ishe ni."

Na ari jakin maƙwabciya, na bi gida gida ina faɗa wa mata. Wasu suka fito, wasu suka ce sai maigida ya ce. Muka yi ta kwasa a rana tsaka, gyaɗar ba ta ma gama bushewa ba, maza na zaune a inuwa suna tambaya ko aljanu ne suka kore mu. Sawu na ƙarshe na ɗora wa jakin har da ta Yaya, don matarsa ba ta da laifi.

Bayan la'asar ruwan ya iso, ja wur, ya shafe dutsen kamar ba a taɓa yin sa ba. Waɗanda suka bar tasu suna tsaye a gaɓa suna salati. Tawa tana tsakar gida, ko ƙwara ɗaya ba ta jiƙe ba.

Da gari ya waye na yafa mayafina na nufi ƙofar mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, daga yau duk takardar da ta zo garin nan, a aika a kira ni."