Malam Bawa da Gidan da Ya Juya wa Titi Baya

Ku da kuka san Malam Bawa, mijin yayata Asabe, kun san ba ya gaisawa da mai gida sai ya gaisa da bangonsa. Zai yi sallama, kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya wuce ka ya ɗora bayan hannunsa a jikin bango kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai tanderun burodi ne. Ina kwana?" Ni Jummai da nake ƙanwar matarsa, akwai wasa tsakaninmu, ba na raga masa. Nakan ce, "To burodin ya amsa, lafiya lau. Zauna ka ci tuwon da ya kawo ka."

Abin da ya jawo wannan tsirfa, Yaya ce. Tana da fuka. A gidan hayar da suke, rufin kwano ne, ga janaretan maƙwabci yana hura musu hayaƙi ta taga. Da bazara ta shigo Kontagora, ƙirjinta sai ya fara fito, a kwashe ta zuwa asibiti. Kowace shekara sai mun cire rai. Da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, ya tsaya a bakin gadonta ya ce zai gina mata gidan da zai sanyaya kansa da kansa, ba fanka, ba janareta, ko an kawo wuta ko an ɗauke. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya kai ma."

Ya sami fili, muka yi murna. Ashe murna ta koma ciki. Mutumin nan shekara guda bai haƙa ko ramin gyaɗa ba! Turaku ya kakkafa, kullum yana can da ƙatuwar malafa yana bin inuwarsu, yana zana ƙasa da sanda. Bazara ta zo, aka sake kwantar da Yaya. Na same shi a filin raina a ɓace na ce, "Malam, kai kana kiwon inuwa, matarka tana neman numfashi!"

Ya ce, "Jummai, wanda bai san hanyar maƙiyinsa ba, a kan hanyar zai yi shimfiɗa."

Da ya tashi aza harsashi, sai ya juya wa titi baya, wai titin yana yamma, ranar la'asar za ta shigo masa falo. Ƙofar gida ta koma tana kallon garken shanun Alhaji Bello, maƙwabcinsa na baya. Baƙi su zo su yi ta zagaye suna neman inda za su yi sallama. Mai unguwa da kansa ya ce, "Malam, gidan nan fushi yake da mutanen gari?"

"Ranka ya daɗe, da rana yake fushi. Mutanen gari tsautsayi ne ya rutsa da su."

Sai maganar bango. Ya ce bulo ba zai taka masa gida ba. Ya je Sahon Rami ya ɗauko masu ginin ƙasa, aka yi ta cuɗa laka da ciyawa. Babban ɗansa Sani kamar ya yi kuka. "Baba, kowa na gudun gidan ƙasa, kai kana komawa? Me zan ce wa surukaina?" Malam ya ce, "Ka ce musu su zo da azahar." Bango ya yi kaurin da a bakin taga kawai sai ka shimfiɗa yaro ya yi barci. Bayan sun tare muka gano ko sabis ɗin waya ba ya shiga. In kira Yaya, in kira, shiru, sai ta fito bakin garken shanu sannan mu gaisa, saniya na sa mana baki. Na kai ƙara wurinsa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Zafi na yi wa bangon, ashe har gulma yana tarewa."

Wallahi da ba don mijin Yaya ba ne, da ludayin da ke hannuna zan buga masa.

Rufin kuma, ya ce sai an sa wa gida hula. Ya ɗauko mota ya tafi Auna ya loda buhunan ƙaiƙayin shinkafa, ya sa aka zube su tsakanin kwano da silin. Gaskiya ɗaki ya yi sanyi, ba zan yi masa ƙarya ba tunda ba ya nan. Amma ɓerayen Kontagora kaf suka ji labarin an buɗe musu otal. Kana zaune kana jin su a sama suna sukuwa. Ya aro kyanwa ya jefa ta ciki, ta leƙa ta ga yawan jama'a, ta diro ta kama gabanta. Na ce, "Malam, yanzu fa?"

"Shaidu ne, Jummai. Kin taɓa ganin ɓera ya tare a inda ba daɗi?"

Daga baya dai a ɓoye ya sa aka sauke ƙaiƙayin, aka gauraya shi da toka da farar ƙasa aka mayar, aka toshe kafofi da raga. Ya ɗauka ban sani ba.

Sau ɗaya na taɓa ganin tsoro a idonsa. Ya bi ƙofofi da tagogi ya liƙe gefensu da robar taya, wai kada iskar waje ta sato hanya. Ranar walimar tarewa mata suka cika ɗakin Yaya, kowa da turarenta, ga kwanukan miyar kuka ta sha daddawa. Abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fita. Kwana biyu ko filo ka ɗaga daddawa ce, har Alhaji Bello ya yi wa Malam tsiya a masallaci wai rigarsa na tayar da yunwa. Muna ta dariya, sai ƙirjin Yaya ya fara fito. Malam ya miƙe zumbur. Ya wangale tagogin, ya ɗauki guduma da kurfi, ya hau tsani da tsufansa, ya dinga sarar bangon da yake ji da shi kamar ransa. Ya huda kafofi can sama ta inda iska mai zafi za ta fice, ya yi wasu a ƙasa ta gefen inuwa. Da numfashinta ya daidaita, ya sauko yana karkaɗe ƙura, na ce, "Sarkin gini, yau dai an yi kuskure."

Ya ce, "Dama yana cikin tsari." Amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Damina ɗaya da sanyi ɗaya ya yi a gidan. Kullum cewa yake, "Ku bari bazara ta zo, ita ce alƙali." Bai jira hukuncin ba. Zafi na fara leƙowa ya kwanta, 'yan kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Masu zuwa ta'aziyya, har da waɗanda suka fi kowa yi masa dariya, in sun shiga falon ba sa son tashi. Wata ma a zaune ta yi barci da carbi a hannu.

Yaya ta shiga takaba, ba fita ko'ina, kuma daidai tsakiyar bazara. Hankalina ya tashi. Na tattaro kayana na dawo wurinta, na ajiye maganinta kusa, na ce wa mai keke napep ɗin unguwa kada ya yi nisa. Zafin bana kun gan shi, kwalta har narkewa take. Wata rana da azahar, an ɗauke wuta, garin tsit, ina zaune ina tsince shinkafa, ita tana kishingiɗe. Na ajiye faifan na kasa kunne. Tun ina yarinya ban taɓa jin numfashin yayata a wannan lokaci na shekara ba tare da fito ba, sai ranar. Ta buɗe ido ta ga ina hawaye, ta ce, "Ke kuma fa? Da yana nan da ya ishe mu da baki." Muka yi dariya har muka koma kuka. Ta gama takabarta ba ta taka asibiti ba.

Allah ka ji ƙan Malam Bawa, ka yafe masa taurin kansa. Yadda ya nema wa baiwarka sauƙin numfashi, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya masa shi. Amin.