Ranar Da Na Yi Wa Yaya Tafinta

Shekara biyu da komawar sojoji bariki ciwo ya kama Yaya a maƙogwaro. Da muryarta ta dushe, hayaƙin wainar da take toyawa a bakin titin Agege muka ɗora wa laifi. Sai tuwo ya daina wucewa. Aka yanki tsokar wurin aka auna, aka ce ciwon daji ne. Ba a jima ba aka huda mata wuya aka sa bututu, magana ta ƙare.

Ni ce 'yar boko a gidan, ga baki kamar reza, don haka tafinta ya zama aikina. Duk ranar asibiti mu uku muke cusa kanmu a motar haya ta danfo, ni da Yaya da Innarmu.

Wata Talata wata likita Bayarabiya ta zaunar da mu, ta ce bincike suke yi. Mutum biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya, wannan ya tashi, wancan ya tafi. Suna zaton dalilin yana cikin ƙwayoyin halitta, kuma suna neman izinin duba ragowar tsokar Yaya ko za su ga alamar da ke nuna wanda zai tashi. Ba ta ɓoye mana ba, da wuya aikin ya amfani Yaya, sai dai na baya. Yaya ta gyaɗa kai.

Sannan likitar ta jawo takarda za ta zana jerin dangi. Ta ce a faɗi gaskiyar yadda kowa yake da marar lafiya, kuskure ɗaya yana ɓata aikin. Na fassara. Da ta nuna ni da biro na ce ni ƙanwar Yaya ce, ciki ɗaya, har da iyayin cewa ni ce auta.

Yaya ta kama hannun likitar ta riƙe, tana kallon Inna. Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta dube ni.

"Ki ce mata ta gyara. In abin nan jini yake bi, kada kunyarmu ta cuce ki. Ba ni na haife ki ba. Ke 'yar farin Yayarki ce. Da aka yaye ki na ɗauke ki, aurenta ya mutu, daga nan bakin kowa ya yi nauyi."

Wallahi sai da na waiwaya in ga ko da wata take. Shekara ashirin da uku Yaya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "waccan". Na ɗauka ƙiyayya ce, har na taɓa gaya mata a gaban masu sayen waina cewa baƙin ciki take yi da ni. Ashe kunyar 'yar fari ce. Raina ya ɓaci, ga tambayoyi cike da bakina, wadda za ta amsa kuma sai iska ke fita ta bututunta.

Likita ta tambayi abin da Inna ta ce. Babu mai jin harsunan biyu a ɗakin sai ni.

Na nuna Yaya na ce, "Ta ce ki rubuta 'yarta."

Likita ta soke ni daga gefen Yaya, ta ja layi, ta sa ni a ƙarƙashinta.